Wai Elvis ne ya ƙirƙiro kiɗan rock, ko dai ya tarar ana yi ne?

Nura Gwammaja: Jama'a ni fa na gaji da wannan ja-in-jar. Mutumin da duniya take ce ma Sarkin Rock and Roll ai ba a banza aka naɗa shi ba. Elvis Presley ne ya ƙirƙiro rock, a watan Yulin 1954 ya shiga situdiyon Sun da ke garin Memfis shi da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai bes suka yi That's All Right, daga nan komai ya faro. Wanda yake da ja ya zo da hujja ba surutu ba.

Shamsu Mai Jita: Hhhh Nura ai da bakinka ka kayar da kanka. That's All Right ɗin waƙar Arthur Crudup ce, baƙar fata ɗan jihar Misisipi, tun 1946 ya yi ta, lokacin Elvis yana ɗan shekara 11 ko gemu bai fara ba. Ta yaya za ka ƙirƙiri abu da waƙar wani?

Nura Gwammaja: Na sani malam, ba yau na fara jin waƙa ba. Ta Crudup ai bulus ce zalla, wato blues, kiɗan baƙaƙen kudancin Amurka. Ka juya faifan Elvis ɗin ka ga me ke bayansa, Blue Moon of Kentucky ce, waƙar Bill Monroe ta turawan ƙauye, mai tafiya a hankali, ya ɗauke ta ya zuba mata gudu. Gefe ɗaya waƙar baƙaƙe gefe ɗaya waƙar farare, duk ya maida su murya ɗaya. Wannan haɗin shi ne rock ɗin, kuma shi ya yi shi.

Anti Hauwa: Nura ƙanena bari in tambaye ka, ka san a wannan ɗakin dai da Elvis ya shiga, wurin wannan mutumin dai Sam Phillips mai situdiyon, an riga an yi waƙar Rocket 88 tun watan Maris na 1951? Shekara uku kenan kafin naka. Ƙungiyar Ike Turner ce ta taso daga Clarksdale a mota, a faifan an rubuta sunan Jackie Brenston saboda shi ya rera. Kuma abin da zai ba ka dariya, amfilifayar mai jitarsu Willie Kizart ta lalace a hanya, sifikar ta yage, ba su da kuɗin wata ba su da lokaci, sai aka cusa takarda a ciki aka ce a kaɗa haka. Sautin ya fito yana gurnani yana karkarwa, Sam Phillips ya ce a bar shi haka ya fi daɗi. Wannan gurnanin jitar da kuke ji a rock har yau kuna kaɗa kai, ga ɗaya daga cikin wuraren da aka fara jin sa a faifai. Kamfanin Chess na Shikago ya fitar da ita, ta kai lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin baƙar fata. Elvis lokacin yana sakandare.

Nura Gwammaja: Anti da girmanki, amma wa ya san Rocket 88? Ki fita titi ki tambayi mutum ɗari.

Anti Hauwa: Au, mun koma wa aka fi sani? Ai cewa ka yi ƙirƙira.

Kawu Bala: Salamu alaikum. Yara ku bi a hankali, akwai abin da duk ba ku taɓo ba, shi ne yadda kasuwar take a Amurka lokacin. Wariyar launin fata ba a makaranta da motar haya kaɗai ta tsaya ba, har cikin shagon faifai ta shiga. Mujallar Billboard tana da jadawalinta daban na waƙoƙin baƙar fata, da sunan launi ma ake kiransa, sai a 1949 aka canza masa suna ya koma rhythm and blues. Manyan gidajen rediyo da yawa ba sa saka waɗannan faifan. To Nura, rashin sanin Rocket 88 da kake magana ba don ba ta isa ba ne, ƙofar ce a rufe. A ƙarshen 1949 ɗin ma Fats Domino ya yi The Fat Man a New Orleans, ka je ka saurari yadda hannunsa na hagu yake dukan fiyano sannan ka dawo ka gaya min me ya rage mata ta zama rock. Shi kuma sunan, wani mai gabatar da shiri a rediyo a Cleveland, Alan Freed, bature ne, tun 1951 yake saka wa matasa faifan baƙaƙe da daddare yana kiransu rock and roll, a watan Maris na 1952 ya haɗa wani casu da cunkoso ya yi yawa har hukuma ta tashe shi tun ba a yi nisa ba. Duk wannan kafin Elvis ya san ƙofar situdiyo.

Ummi K: Ni abin da yake ƙona min rai da ku maza, tun ɗazu ana jero sunaye ba wanda ya tuna da Sister Rosetta Tharpe. Matar nan mawaƙiyar coci ce, ta rungumi jitar lantarki tun lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta riƙe ta, a 1944 ta yi Strange Things Happening Every Day. Dan Allah ku nemi bidiyonta na 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta ta Ingila, an gama sheƙa ruwa dandamalin duk a jiƙe, ta sauko daga keken doki cikin doguwar kwat da takalmi mai tsini, shekarunta sun kusa hamsin, ta saɓa farar jita tana takawa tana yaga ta, samarin turawa suna zaune a ɗaya tsallaken layin dogon suna tafi kamar za su zauce. Wlh duk wani salo da kuke yaba wa maza tana yin sa. Ta rasu a 1973 aka binne ta a Philadelphia, kabarinta ya yi sama da shekara talatin ko alama babu, sai a 2018 aka ga damar saka ta a Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen rock. Elvis kuwa tun 1986 da aka fara karramawar yana cikin rukunin farko.

Shamsu Mai Jita: Ummi kin gama magana. In dai jita ce, ni a wurina Rosetta sai Chuck Berry. Duk yaron da ya fara koyon rock sai ya bi ta kan buɗewar Johnny B. Goode, igiya biyu kake danna wa lokaci ɗaya kana zamewa, yatsa har sai ya yi kanta. Elvis fa rataye jitar yake yi yana ɗan karta, Scotty Moore ne mai aikin. Kuma bai rubuta waƙoƙinsa ba, Chuck Berry shi ke rubutawa shi ke kaɗawa shi ke rerawa. Kawai a faɗi gaskiya, sata aka yi. Hound Dog ta Big Mama Thornton ce ta 1953, ya ɗauke ya yi kuɗi da ita a 1956, ita ta mutu ba ta da komai.

Malam Tijjani: Shamsu nan kuma ka wuce gona da iri, ni ba na tare da Nura amma kalmar sata tana da nauyi. Hound Dog ba Big Mama ce ta rubuta ba, wasu samari biyu farar fata ne Jerry Leiber da Mike Stoller suka rubuta mata, ita ta fara rerawa kuma ta rera da kyau ba musu. Elvis kuma ba ma salonta ya bi ba, a Las Vegas ya ga wata ƙungiya Freddie Bell and the Bellboys suna yin ta cikin barkwanci, tasu ya kwaso. Sannan Chuck Berry ɗin naka, Maybellene ta 1955 daga ina ta fito? Daga Ida Red, tsohon kiɗan turawan ƙauye ne ya juya shi. Aron ta kowane ɓangare yake tafiya, yaran kudancin Amurka duk rediyo ɗaya suke ji ko da ba a barin su su zauna a benci ɗaya. Elvis talaka ne ɗan Tupelo, a coci ya taso, da suka koma Memfis a 1948 titin Beale yake yawo yana kallon masu bulus. Ba daga sama ya faɗo ya kwashe ba. In ɓarayi kake nema ka duba masu kamfanoni da masu riƙe da takardun haƙƙin mallaka.

Shamsu Mai Jita: To Malam wa ya ci riba?

Malam Tijjani: Wannan tambayar ce ya kamata mu yi tun farko. Duba takardun haƙƙin mallakar Maybellene, sunaye uku aka sa a wurin marubuta, Chuck Berry da Alan Freed da wani Russ Fratto, alhali mutum biyun nan ko baiti ɗaya ba su sa ba, an ba Freed kaso ne don ya riƙa saka ta a rediyo. Sai da aka kwashe wajen shekara talatin kafin waƙar ta dawo sunan Berry shi kaɗai. Shi kuma Crudup da Elvis ya rera waƙoƙinsa har uku, kuɗin da ya kamata ya samu sun maƙale a hannun masu takardu, ya koma aikin gona da ƙwadago, ya rasu a 1974 yana ta bin haƙƙinsa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, amma ba Elvis ne ya riƙe masa kuɗin ba.

Ummi K: Bai riƙe ba amma ya fi ƙarfin a ce bai iya sa baki ba Malam. Mutumin da yake rabon motocin Cadillac kyauta.

Anti Hauwa: Ku ƙara da Little Richard. Ya yi Tutti Frutti a 1955 da ihunsa da haukansa, nan da nan aka ba wani bature Pat Boone ya sake ta a sanyaye kamar shayin da ya kwana, kuma tasa ta fi ta mai waƙar hawa sama a jadawalin Billboard. Haka ake yi lokacin, baƙi ya yi, a nemo fari ya maimaita don ta shiga falon turawa. Bambancin Elvis da Boone shi ne Elvis ya iya abin da gaske, wannan ba zan hana shi ba.

Nura Gwammaja: Yauwa Anti kin fara dawowa hanya. Ku duba, kamfanin faifai na RCA ya sayi kwantiraginsa daga Sun a kan dala 35,000 a ƙarshen 1955, kuɗin da ba a taɓa ji ba lokacin. Ranar 9 ga Satumban 1956 ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan mutum wajen miliyan 60 suka kalla, da ya dawo a Janairun 1957 daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi saboda iyaye suna ta ƙorafin rawarsa. Wa ya girgiza ƙasa haka a cikin duk waɗanda kuka lissafa? In ba don shi ba da rock ya tsaya a unguwa.

Kawu Bala: Ɗana ko a nan ma akwai wanda ya riga shi. Bill Haley, shi ma bature, ya naɗi Rock Around the Clock a Afrilun 1954, wata uku kafin That's All Right. Da farko ba ta yi kasuwa ba sai da aka buɗe wani fim da ita a 1955, ta haye lamba ɗaya a watan Yuli. Elvis sai a 1956 ya samu lamba ɗayansa ta farko a babban jadawali da Heartbreak Hotel. Matsalar Haley kawai ya kai shekara talatin, ga ƙiba, ba irin wanda 'yan mata za su suma a kansa ba ne. Kuma Nura shi mutumin naka bai taɓa cewa shi ya ƙirƙira ba, a 1957 ya gaya wa mujallar Jet cewa kiɗan nan yana nan tun kafin ya zo, a 1969 kuma a gaban 'yan jarida a Las Vegas ya nuna Fats Domino ya ce ga sarkin na gaskiya. Kai ka fi shi son kansa kenan.

Nura Gwammaja: Kawu wannan ai tawali'u ne irin na manya.

Ummi K: Hhhhh Allah Ya shirye ka Nura.

Illa Damagaram: Ni dai ina ta karatu ban ce komi ba. Tunda asali kuke nema mi ya sa kuka tsaya Memfis? Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka kai banjo can, ku dubi ƙirarta ku dubi gurmi da molo. Mu nan Nijar in ka ji Bombino ko Mdou Moctar sun kama jita ka san abin gida ya dawo.

Malam Tijjani: Illa maganar banjo gaskiya ce, asalinta daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, kuma akwai masana da suka danganta salon rera bulus da yankin namu na Sahel. Amma kar mu yi irin ta Nura mu ma, tsakanin saukar bayi da Rocket 88 akwai ɗaruruwan shekaru na gonakin auduga da coci da jirgin ƙasa da wutar lantarki, a can aka gina abin. Shi Bombino ma ai yana faɗa da bakinsa cewa ya koyi abubuwa daga kallon bidiyon Jimi Hendrix, baƙar fatan Amurkan nan gwanin jitar rock.

Illa Damagaram: To shi Hendrix ɗin jikan wa ne?

Shamsu Mai Jita: Illa ka ci wannan. Nura ga aiki na ba ka, yau da daddare ka sa iyafis ka ji Hound Dog ta Big Mama sannan ka ji ta Elvis a jere, ka zo gobe ka gaya mana wacce ce take korar namiji daga gida da gaske.

Nura Gwammaja: Zan ji, amma ku rubuta ku ajiye ba zan canza ba. Ko John Lennon na ƙungiyar Beatles ta Ingila ai saboda Heartbreak Hotel ya haukace a kan kiɗan nan, ba Elvis ba Beatles.

Anti Hauwa: Su kuma Rolling Stones daga waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, kuma faifan Chuck Berry da na Muddy Waters ne a hammatar mawaƙinsu Mick Jagger ranar da suka haɗu da mai jitarsu Keith Richards a tashar jirgin Dartford a 1961. Kar ka ja mu Ingila yanzu, dare ya yi, gobe akwai aiki.