Koyon Jamusanci da manhajar waya: me ta yi muku, kuma ina ta tsaya?

Ma'aikaciyar jinya, Kano

Assalamu alaikum. Na jima ina koyon Jamusanci da manhajar waya, safe da dare, domin ina neman aikin jinya a Jamus, kuma an bayyana mini cewa sai na kai matakin B2, wato na huɗu a matakai shida na iya harshe da ke farawa daga A1, kafin a amince da takardar shaidata. Kalmomi kam sun taru, har ina iya karanta gajeren rubutu in gane inda ya dosa. Damuwata ita ce baki. Idan manhajar ta ce in maimaita jimla, ina maimaitawa ta ba ni maki, amma da zarar na yi niyyar ƙulla tawa jimlar sai harshe ya yi nauyi, kalmomin da na sani su ƙi fitowa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su faɗa mana abin da suka gani.

Ɗalibin injiniya, Aachen

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan fara da kalmomin, domin a nan ne manhaja ta fi amfanar da ni. Na yi aiki da Anki, wadda take dawo wa mutum da kalma daidai lokacin da ya kusa mantawa da ita: wadda ya riƙe da kyau ta jinkirta ta, wadda ke ba shi wahala ta riƙa kawo ta akai-akai. Shawarata ita ce kada ki haddace suna shi kaɗai. Kowane suna a Jamusanci yana tafe da der, die ko das, kuma jam'insa ba ya bin ƙa'ida ɗaya, don haka a kowane kati nakan rubuta sunan da jinsinsa da jam'insa tare, kamar das Bett, die Betten, sannan in ƙara gajeriyar jimla da na ƙirƙira da kaina. Mu Hausawa muna da sauƙi a nan fiye da mai Turanci, tunda mun taso da sanin cewa abu yana da jinsi kuma jam'i yana da siffofi barkatai. Abin da ke sabo a gare mu shi ne jinsi na uku, da yadda der ke komawa den ko dem gwargwadon aikin sunan a cikin jimla. Wanda bai riƙe jinsin tun farko ba, duk lokacin da zai yi magana sai ya tsaya yana lalube, kuma ina zaton wani ɓangare na nauyin bakin da kike ji daga nan yake.

Uwargida, Hamburg

Ni buƙatata ta farko ba ta kai taki ba. Bizar zuwa wurin maigida tana neman A1 ne kawai, kuma da manhaja da tsofaffin tambayoyin gwaji na shirya, na je Legas na rubuta jarrabawar a cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci. A wannan mataki ta wadatar da ni, domin a ɓangaren magana ana zama ne rukuni, mutum ya gabatar da kansa, ya harrafa wata kalma, ya yi tambaya da katin da aka ba shi. Da na iso sai na tarar da wani abu daban. Na kira asibitin yara neman lokacin ganin likita, matar ta ce "halb drei" da sauri, kuma ko da yake na san cewa hakan na nufin biyu da rabi, kafin in gama lissafi a zuci ta riga ta wuce zuwa wata tambaya. Lambobi ma haka: suna fara faɗin ɗaya kafin ashirin, kamar yadda muka koya a Larabci a Islamiyya. Bakina bai buɗe ba sai da na shiga kwas ɗin sajewa da al'umma na baƙi a Volkshochschule, wato makarantar ilimin manya, mai awa 600 na harshe da 100 na sanin ƙasa, inda dole kullum in yi magana da mutanen da ba mu haɗa wani harshe ba sai Jamusancin.

Malamin Jamusanci, Garwa

A nan Kamaru ana koyar da Jamusanci a makarantun sakandare, kuma ɗalibaina da yawa suna haɗawa da manhaja, don haka ina ganin sakamakon a aji. 'Yata, kada ki dogara da makin da waya ke ba ki a kan lafazi, domin kunnenta yana da sassauci ƙwarai: idan ta tsinci kalmar da take jira, sai ta wuce da ke. Mai Hausa yana da wurare uku da yake tuntuɓe. Na farko p da f, waɗanda a bakinmu suke kusan ɗaya, alhali Bajamushe yana rarrabe su, har yana haɗa su a kalma kamar Pflege, wato aikin da kike nema. Na biyu baƙaƙen da ke jeruwa ba wasali, kamar a Herbst, inda muke cusa wasali ba mu sani ba. Na uku ö da ü, da sai an tura leɓe gaba. Amma muna da abin da ɗalibaina masu Faransanci zalla suke wahala a kai, wato jin bambancin dogon wasali da gajere, wanda shi ne ya raba Staat da Stadt. Abin da nake sa su yi shi ne su saurari labaran DW da ake karantawa a hankali domin masu koyo, su naɗi muryarsu suna maimaitawa, sannan su saurari biyun a jere. Kunnen mutum ya fi na waya tsanani idan ya ji kansa.

Ɗan kasuwa, Yamai

Ni dai manhajar ta biya mini buƙata. Motoci na hannu nake saye daga Jamus, harkata duk ta rubutu ce: farashi, shekarar mota, tafiyar da ta yi. Ban taɓa buƙatar fiye da haka ba, don haka kowa ya duba me yake nema da harshen kafin ya yanke wa manhaja hukunci.

Mai koyon kula da tsofaffi, kusa da Stuttgart

Yaya, aikin da kike so shi nake koyo, don haka bari in faɗa miki yadda yake. Da safe akwai miƙa aiki, inda mai dare ke bayyana halin kowane tsoho cikin sauri, wa ya ci abinci, wa ya faɗi, wa aka sauya wa magani, kuma idan zagayenki ya zo ke ma haka za ki yi ba tare da takarda ta cece ki ba. Tsofaffin kuwa da yawansu karin harshen Shuwabiya suke yi, wanda ban ji shi a kowace manhaja ba, kuma dole a kira su da Sie na girmamawa, a riƙa maimaitawa cikin haƙuri ga wanda kunnensa ya yi nauyi. Duk da haka ina da ɗan saɓani da Malam, domin sashen hira na manhaja ya cire mini kunya, tunda na'ura ba ta gajiya kuma ba ta dariya. Daga nan na samu abokiyar hira ta Tandem, wato tsarin da mutum biyu ke koya wa juna harshe, wata Bajamushiya mai koyon Turanci, muna raba lokacin gida biyu, tana tsayar da ni duk lokacin da na manta kai aikatau ƙarshen jimla bayan weil ko dass. Wannan ne ya tsallakar da ni B1, inda ake haɗa mutum biyu su tsara wani abu tare, sannan kowa ya yi gajeren jawabi. Ki sani kuma jarrabawar Goethe ta B1 kashi huɗu ce, karatu, sauraro, rubutu da magana, kowanne ana cinsa da maki 60 cikin 100, kuma wanda aka faɗi shi kaɗai ake sakewa.

Ma'aikaciyar jinya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sake katunana yadda ɗan'uwa ya nuna, in fara naɗar muryata kamar yadda Malam ya ce. Ƙanwata, idan aikinki zai bari, ina so mu riƙa yin waya a ƙarshen mako bayan la'asar, ki zama mai dare, ni in karɓi aiki daga hannunki da Jamusanci.