Wai me ya sa masana tattalin arziki ke rage darajar jikokinmu a lissafi?

Dalibin_aji3:
Salam 'yan uwa. Jiya a lakca malaminmu ya ce in za a auna aikin da sai nan da shekara 100 za a ci moriyarsa, kamar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an riƙa zaftare darajar moriyar shekara bayan shekara kafin a gwada ta da kuɗin da za a kashe yau. Ni fa abin bai kwanta min ba, wato wanda ba a haifa ba bai kai ni daraja ba kenan? A taimaka don Allah.

Mai_Kalkuleta:
Wa alaikassalam ƙanina. Abu biyu ne aka cusa cikin ragin nan. Na farko gajen haƙuri ne kawai, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma tun 1928 masanin lissafi Frank Ramsey ya ce wannan ba shi da hujja ta fuskar adalci. Na biyun ne mai nauyi, in tattalin arziki ya ci gaba da haɓaka to jikoki za su fi mu wadata, ka ga ƙarin dala ɗaya a hannunsu ba ta kai dala ɗaya a hannun talakan yau ba.

Rigimar masana duk a kan kashi nawa za a riƙa ragewa a shekara take. Masanin tattalin arziki Nicholas Stern a rahoton sauyin yanayi da ya yi wa gwamnatin Birtaniya a 2006 ya ɗauki kusan kashi 1.4 cikin 100 a shekara, shi kuwa William Nordhaus na jami'ar Yale, wanda ya ci Nobel a 2018, ya fi karkata ga sama da kashi 4 don shi ribar da jari ke kawowa a kasuwa yake kallo. Danna kalkuleta ka sha mamaki: dala 100 ta nan da shekara 100, a kashi 1.4 ta zama kusan dala 25 yau, a kashi 4.5 kuwa dala 1 da 'yan canji. Shi ya sa Stern ya ce a tashi tsaye wajen rage hayaƙin yanzu, Nordhaus ya ce a bi sannu a hankali.

Yaya_Babba:
To ni inda nake da ja shi ne wa ya ba mu tabbacin za su fi mu arziki? In yanayi ya lalace noma ya gagara ai lissafin ya kife, mu ne masu kuɗin su ne talakawan. Kuma halittar da ta ƙare daga doron ƙasa ba kuɗin da zai dawo da ita.

Mai_Kalkuleta:
Gaskiyarki yaya, saboda rashin tabbas ɗin nan ne masanin tattalin arziki Martin Weitzman ya ce ragin ya riƙa sauka yadda lokaci ke nisa. Baitulmalin Birtaniya haka yake yi, kashi 3.5 a shekaru 30 na farko, daga nan ya sauko 3. Amma kar a ce a mayar da shi sifili fa, don lissafin sai ya ce mu ɗaure ciki mu tara kusan komai saboda mutanen da za a haifa nan gaba da yawansu ba shi da iyaka, yunwar yau kuma ta gaske ce.

Dalibin_aji3:
Na gode sosai wallahi. Yanzu dai in ta fito a jarrabawa wacce zan rubuta, 1.4 ko 4.5?