Yarona yana ƙirga har hamsin amma bai gane lamba ba, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Yarona ya cika shekara 6, yana aji ɗaya na firamare. In aka ce ya ƙirga, zai zuba wan, tu, tiri har hamsin ba gargada. Amma jiya na rubuta 7 a bayan kwalin ashana na tambaye shi, ya ce 2, ya kalli fuskata, ya ce a'a 9. B da d kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa, har ya taɓa shi da bulala sau biyu. Yanzu da na ɗauko jakarsa sai ya ce cikinsa na ciwo. Alhali a Islamiyya ya kusa haɗa izu ɗaya. In ɗaukar masa mai lesin ne, ko in canja makaranta?

Malamar aji ɗaya: Wa'alaikumus salam Maman yaro, kwantar da hankalinki. Wannan ƙirgen waƙa ce ya haddace, bai kai ga sanin adadi ba tukuna. Gwada shi yau: zuba wake a faifai ki ce ya ba ki biyar. In ya dumbuzo da hannu, to daga nan za ki fara. Ya riƙa taɓa kowace ƙwaya yana faɗin lambarta da Hausa, sai ki tambaye shi, duka nawa ke nan? In ya iya, ki rubuta 5 babba a ƙasa ya jera waken kusa da ita, ya bi ta da yatsa. Lamba biyu ko uku a sati sun isa, minti goma a rana.

Batun b da d, da 6 da 9, yara da yawa suna juya su har wajen shekara 7. Kofi ko an kifa shi kofi ne, haka yaro ya saba ganin duniya. A rubutu ne ya fara haɗuwa da abin da in ya juya sunansa ya canja.

Karatu kuma ki fara masa da Hausa, don yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Sautin harafi za ki koya masa, ba sunansa na Turanci ba. Sai ba, be, bi, bo, bu, sannan ya haɗa ba da ba. Ranar da ya karanta "baba" da kansa za ki ga murna.

Maman 'yan biyu: Ki duba lambobin Larabci ma. Biyar ɗinsu (٥) kamar sifilin boko take, shida (٦) kamar 7. Ga rubutun allo daga dama, na boko daga hagu. Nawa sun rikice a nan, sai na raba musu lokaci, ban haɗa biyun a zama ɗaya.

Anti Nas: Yaya, kafin komai a duba idonsa da kunnensa. Yana ƙanƙance ido in yana kallon allo? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa? Yaron da ba ya ji sosai ba zai bambance sautuka ba, kuma ba zai faɗa miki ba, shi a ganinsa haka kowa yake ji. In ya wuce shekara 7 ana koya masa yadda ya kamata abin bai motsa ba, a nemi masu ilimin yara masu buƙata ta musamman su gwada shi, don akwai disleksiya, wato matsalar da ke sa koyon karatu da rubutu ya yi wa yaro wuya, kuma tana bin dangi. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma jifa ba.

Ummu Khalil: Ni dai mai lesin ya taimaki nawa gaskiya. Amma sai da na sallami na farko, kwafar allo kawai yake sa shi.

Hajiya Kaka: 'Yata, ki lallaɓa maigidan ya ajiye bulalar nan. Ciwon cikin da kike ji yana faɗa tsoro ne. Ki zana masa 'yar gala-gala a tsakar gida da gawayi, ki sa lamba a kowane gida, ya yi tsalle yana kira. In za ki aike shi, nuna masa 20 da 50 a jikin kuɗin. Allah Ya buɗa masa.

Mai tambaya: Amin Hajiya, na gode muku duka. Malama na gwada waken bayan la'asar. Uku ya ba ni daidai, a biyar ya dumbuzo. Anti Nas, kin tuna min kunnensa na dama ya yi ruwa bara da sanyi, ɗigo kawai muka saya a kemis. Litinin in sha Allah zan kai shi asibiti. Babansa kuma na ba shi wayar ya karanta da kansa, bai ce komai ba, amma ya zauna kusa da faifan.