Ƙanen mijina yana ƙona zaiba a madafata, ni kuma ina da ciki wata biyar

Uwar Biyu, Garkawa, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda ya san sha'anin zinariya ya ba ni haske, abin ya hana ni kwana.

Maigidana ya koma Abijan wajen bida wata uku ke nan, ni da yara muna gidansu tare da Inna. Ƙanensa ya dawo daga arewa wurin haƙar zinariya bayan ya yi sama da shekara tsakanin Cibarakaten da Agadas. Ya zo da ɗan buhun ƙasa, ya ce ragowar rabonsa ce, da wani ƙaramin butali irin na maganin tari cike da zaiba, shi merkir yake ce mata. Ranar da na ɗaga butalin zan share ƙarƙashinsa sai da hannuna ya yi ƙasa. Ban taɓa ganin ƙaramin abu mai nauyi haka ba.

Sau uku ke nan, bayan isha'i, yana zama bakin madafa ya dama ƙasar da zaiba cikin tasa, hannu ba safa, ya juye a ƙyalle ya matse, sai wani ɗan dunƙule toka-toka ya rage. Ya sa shi a cokalina ya ɗora kan garwashin da na sauke tuwo. Yara su yi masa zobe suna jiran abin ya juye ja. Ba hayaƙi, ba wari, shi ya sa ban tanka ba.

To shekaranjiya ƴan biyuna, shekararsu huɗu, suka kai ga butalin a ɗakin Inna. Na tarar da su suna bin ƙwayoyin da yatsa a kan tabarma, suna ƙyalƙyala dariya. Inna ta kama tsintsiya ta share, yanzu zobenta na zinariya ya koma fari fat, shi ne ma abin da ya fi ɓata mata rai.

Sai kuma shi yaron, ƙanen mijin nawa. In yana zuba shayi kana jin kofi yana kaɗawa a faranti. Ba ya barci, dasashinsa na jini, kuma wanda da ba ma rabuwa da wasan ƙanen miji, yau magana ɗaya sai ya hau faɗa. Inna ta ce hannu aka sa masa a can wurin haƙa, ana ta ba shi rubutu. Ni zuciyata kan butalin nan take. Ina da gaskiya ko tsoron masu ciki ne?

Ɗan Bida:

Wa alaikis salam Yaya. Na yi haƙa a Komabangu, na yi a Jado tun farkon buɗe ta a 2014. Kowa haka yake yi, mu madarar gwangwani muke sha bayan ƙonawa, mu kuma rufe hanci da rawani. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ga masu rawar hannun nan, mafi yawansu masu sayen zinariya ne da ke yini cikin rumfa suna ƙonawa. Kusan rabin nauyin dunƙulen nan zaiba ce, in ya fito wuta ka auna sai ka ga ya ragu. A madafa kam bai kyauta ba, ko a daji ba ma yi kusa da tukunya.

Mai Jinya, Yamai:

Ƙanwata, ba tsoron masu ciki ba ne. Ɗan Bida, ka yi haƙuri, madara abinci ce, ba ta fitar da zaiba daga jiki, rawani kuma ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake. Rabin nan da ka ce ya ragu, ina ya tafi? Iska ya shiga, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa huhu yana miƙa shi cikin jini, daga nan ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki, yana bin nono kuma. Rashin wari da rashin hayaƙin shi ne mugun halinta. Ko ba wuta, tana tashi a hankali cikin ɗaki, balle zafin Tawa.

Yau ɗin nan ki fitar da yara da Inna daga ɗakin, a buɗe taga, a rufe ƙofar da ke kallon inda kuke kwana. Kada a sake sa tsintsiya, farfasa ta take yi ƙanana su shige tsagar siminti. Wani babba, ba ke ba, ya cire zobe, ya sa leda a hannu, ya kashe fitila ya haska tocila a kwance bisa ƙasa, zai ga ƙwayoyin suna walƙiya. Ya tara su da kwali, ƙananan ya ɗauke da salatif, a zuba a kwalba mai ɗan ruwa a toshe. Tabarma, tsintsiya, ƙyalle, kayan da yaran suka sa, a ƙulle a leda biyu a ajiye waje inda yaro da akuya ba sa kai. Kada a wanke, kada a ƙona, kada a jefa a masai.

Ku tafi asibiti ku huɗu, ke da ƴan biyu da ƙanen mijin, ki faɗi sunan abin da baki, kada ki ce "ba ya barci" kawai su ba shi maganin zazzaɓi. Irin wadda aka shaƙa a fitsari ake aunawa. Ki gaya wa ungozomarki ma. Rawar hannu, rashin barci, saurin fushi, ciwon dasashi, duk suna cikin alamunta, amma awo ne zai raba gardama. Rubutun Inna bai hana awo ba, kada ki ja da ita a kansa.

Hajiya Bilbis:

Subhanallahi. Wai ba ita ce ta kashe yara a Zamfara ba?

Mai Jinya, Yamai:

A'a Hajiya, waccan dalma ce, a 2010, yara sama da 400. Amma hanya ɗaya ce: ƙasar wurin haƙa aka kawo cikin gida ana niƙa a tsakar gida. Shi ya sa buhun nan ma ban yarda da shi ba.

Malamin Lakwal:

Uwar Biyu, ina yake zubar da ruwan tasar? In ya shiga ƙasa, damina ta kwashe shi zuwa tabki, ƙwayoyin halitta na cikin laka suna juya zaiba ta koma irin da ke taruwa a naman kifi, babban kifi ya ci ƙarami, mu ci babba. Irin wannan zaibar ce ta taru a kifi a Minamata ta Japan, inda wata masana'anta ta riƙa zuba ruwanta a teku, aka gane cutar a 1956. Akwai matan da su ba su nuna ciwo sosai ba amma suka haifi ƴaƴa naƙasassu. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, Nijar tana ciki. In dole sai ya ƙona, akwai tukunyar ƙarfe rufaffiya mai bututu da ke mayar da tururin cikin ruwa, maƙeri na iya haɗa ta, kuma zaibarsa ta dawo masa, bai sake saye ba. Ta nan za ki kama shi, ta aljihu. Amma bayan gari, ba cikin gida ba.

Uwar Biyu, Garkawa, Tawa:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, ruwan tasar gindin zogalena yake zuwa, wanda nake tsinka kullum. Na daina.

Na kira maigida daren jiya na karanta masa maganar Mai Jinya, shi ya kira ƙanen nasa, don ni ba hurumina ba ne in ce masa fitar da kayanka daga gidan ubanka. An yi hayaniya, amma butali da buhu sun bar gidan. Maƙwabcinmu ya tara abin da tocila, ya ce har ƙarƙashin gadon Inna ya samu. Ita yanzu ɗakina take kwana tana mita. Litinin za mu asibiti, yaron ya ce zai raka mu ne kawai, na ce to.

Saura biyu. Inna tana son kai zobenta wurin maƙerin zinariya ya sa shi wuta ya dawo ja, na ɓoye shi a kwalba na ce ya ɓace, ban san kwana nawa ƙaryar za ta yi ba. Sai cokali. Guda shida ne iri ɗaya, na kayan aurena, kuma duk sau ukun na wanke shi na mayar cikin ƴan uwansa.