Mazaunin sifikun Baba ya sha ruwa: in gyara ko in sa a yi sabo?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. Mahaifina ya bar mini dogayen sifiku biyu na shekarun 1970, irin waɗanda ake girkewa a ƙasa. Sauti lafiya lau. Matsalar tana mazauninsu: shekara da shekaru ana goge ɗaki da ruwa, katakon ya kumbura, kusurwa ɗaya in na taɓa sai ta marmashe kamar dusa. Na kwantar da guda na duba, mazaunin daban yake, kusoshi huɗu masu zare ke riƙe da shi, ƙasan akwatin kuma tabo kawai ya yi. In ceto na asalin ne, ko in sa a yi sabo? Sayarwa kam ba na yi.

Sauti Zalla: Wa alaikumus salam. Yaya, ka sayar ka sayi na zamani ka huta.

Tsohon Kafinta: Ya ce ba zai sayar ba. Ɗana, wannan katako garin itace ne aka cuɗa da gam aka matse. In ya sha ruwa ya kumbura, ko shekara ya yi a rana ba zai koma ba. Kwance shi, a ɗora a kan filawud mai kauri a zana, a huda ramukan a inda suke tun asali. Ka shafa banish har ƙasan da ido ba ya gani, ka sa ƙafafun roba.

Mai Faifai: Don Allah kada ka bari su kwana a shagon kowa. Nawa na kai wa wani kafinta, ya ce kwana uku, sai da suka yi wata huɗu. Ranar da na je ɗauka na tarar an ɗora gwangwanin fenti a kan guda, zoben yana nan har yau. Ya yanke ƙasan akwatin gaba ɗaya, ya maye da wani katako ya buga ƙusa, bai ko cire wufa ba, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ƙura ta cika ciki. Fallen itacen da aka lulluɓe jikin da shi bai kai kaurin milimita 1 ba, ya bi shi da samfefa har garin katakon ya leƙo. Na kunna a gida, bes ɗin, wato sautin nan mai kauri da ke girgiza ƙirji, ya tafi, sai wani huci daga ƙasa. Na koma, ya ce ai yana magana. Wallahi na kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri. Mai Faifai, naka rufaffen akwati ne, tsarin da Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka a 1954. Iskar da ke kulle ciki ita ke tallafe wufa, ɗan tsagi ya isa ya kashe bes. Ka danna wufar a hankali da yatsu: in ta dawo sannu a hankali, akwatin a rufe yake, in ta yi tsalle nan take, yana yoyo. Ka bi haɗin da gam ta ciki.

Abu Sadik: Ni kuɗin da aka yanka mini na sabon mazauni ya fi abin da na sayi sifikun. Na haƙura.

Ɗan Autan Gida: Cutarka aka so yi. Ni ban kashe komai ba sai kuɗin gam. Na kankare ruɓaɓɓen wurin, na ɗiga masa gam mai ruwa-ruwa ya tsotse ya ƙame, na cike da filar masu gyaran jikin mota, na goge, na fesa baƙin fenti. Shekara biyu ke nan.

Tsohon Kafinta: Shekara biyu ba gwaji ba ne, yaro. Fila a kan ruɓaɓɓen katako ɓanɓarewa take yi.

Ɗan Autan Gida: Baba, da girmanka, ai ɗan sana'arku ne ya lalata na Mai Faifai.

Injiniya: Kafinta ya san itace, mu muka san sauti. Kowa ya tsaya a nasa.

Sauti Zalla: A fara kama mai laifi tukuna. A gurfanar da bokiti da tsumman goge ɗaki!

Hajiya Umma: To, ku riƙa goge ɗakin da kanku mana.

Abu Sadik: Ni abin da ya fi ci mini rai soson bakin wufa ne. Bayan shekaru yakan ruɓe da kansa, a sauya shi kawai ake yi. Na kai nawa, mai gyara ya cire wufar asali ya sa wata mara nauyi, ya ce waccan ta ƙone.

Mai Faifai: Ka karɓo tsohuwar?

Abu Sadik: Ya ce ya yar. Maganaɗisun da ke bayanta kaɗai ya ninka na sabuwar nauyi.

Baban Hafsa: Na gode muku. Na danna kamar yadda Injiniya ya ce, guda ta dawo a hankali, ɗayar kuma da sauri. Ke nan ruwan ya kai akwatin ne?

Abu Sadik: Duba soson tukuna. Kuma kafin ka kai wa kowa, ka ɗauki hoton bayan wufar da lambar da ke jikinta.