Gangara a bakin shago: sadaka ce ko jari?

Mai yadi, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Jama'a, ana ta cewa wai duk mai shago ko ɗakin taro da ya yi wa masu keken guragu gangara a ƙofa, cinikinsa zai ƙaru. Ni dai ban gamsu ba. In don Allah za a yi, na ji, akwai lada. Amma a ce riba ce? Na daɗe ina zaman shago, da wuya ka ga mai keke ya zo sayen shadda. Siminti kuwa kowa ya san yadda ya koma.

Malama mai keke, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Alhaji, matakala nawa ce a bakin shagonka?

Mai yadi: Uku ne, Malama. Sai kwata a gaba, mun ɗora mata katako.

Malama: To ta ina za mu shigo har ka gan mu? Shan inna ya kama ni tun ina ƙarama. Yau ina koyarwa, ina da albashi, ina ɗinkin sallah kamar kowa. In na zo kasuwa, a bakin titi nake tsayawa cikin rana, 'yan acaɓa na gogar kekena, yaron shago ya fito min da atamfa biyu ko uku da shi ya ga dama. Sauran da ke rataye ban gan su ba, balle in taɓa. Wata rana ma kafin in buɗe baki an miƙo min canji, an ɗauka bara na zo yi, alhali kuɗina na cikin jaka. Shi ya sa na tsaya a shago ɗaya da ƙofarsa take daidai da ƙasa. Da za a haɗa lefen ƙanena, ni aka danƙa wa kuɗin, kuma can na kai su gaba ɗaya. Masu matakala ba su ma san sun yi asarar komai ba.

Magini, Kwangila: Malama ta yi gaskiya, amma Alhaji ma yana da abin faɗa. Ba don ado ake ɗaga daɓen shago ba, ruwan damina ake gudu. Kuma gangara tana da ƙa'ida: duk tsayin santimita 1 yana buƙatar santimita 12 na shimfiɗa. Matakala uku wajen santimita 45 ke nan, sai an sami fili fiye da mita 5. A layin kasuwa ina za ka samo shi? Ka shiga hanya a ce ka ci titi. Yawancin waɗanda kuke gani a gari don shigar da mashin aka yi su, a miƙe suke, mai keke ya hau sai ya kifa ta baya. Wasu har tayil mai santsi suke mannawa. In tun daga tushe aka tsara, a bar wa ƙofa faɗin santimita 90, kuɗin ba wani abu ba ne a cikin lissafin gini. Fasa ginin da aka gama shi ne mai ciwo.

Mai ɗakin taro, Samaru: A sana'armu dai babu gardama. Wane biki ne babu tsoho a ciki? Na sha ganin samari huɗu sun ɗauko kakar amarya a kan kujerar roba suna hawa da ita, tana riƙe da mayafi tana salati, jama'a na kallo. Dangin da suka ga haka ba sa dawowa. Tun da na yi gangara na faɗaɗa banɗaki ɗaya, masu zuwa duba wuri suna tambaya a kai, musamman masu iyaye da suka sami shanyewar ɓarin jiki. Masu abinci ma ta nan suke turo kuloli a baro, haka masu kayan sauti.

Ɗalibin shari'a, Kongo: Baba Alhaji, akwai doka kuma. Dokar hana nuna bambanci ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Nuna bambanci tararsa naira miliyan 1 ce ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da nakasa mai tsanani. Kasuwa ce babba.

Mai yadi: Ɗana, kashi 16 ɗin nan ba duka ke kan keke ba, akwai makafi, akwai kurame. Kuma mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinsu masu albashi irin Malama? Sannan ni ɗan haya ne. In kashe kuɗi a ginin wani, baɗi ya ƙara min haya ko ya ce in tashi?

Malama: Talaucin gaskiya ne, Alhaji, ba zan musa ba. Amma matakalar bakin shagonka ita ce a bakin aji, ita ce a ofis, ita ce a ƙofar bankin da keke ba ya shiga. Yaron da sai an goya shi zai shiga aji, yana girma ya yi nauyi, karatun ya tsaya. Daga baya a ce ba shi da abin saye. Maganar haya kuwa na yarda, mai ginin ya kamata a tuntuɓa, don shagon da kowa ke iya shiga darajarsa ce ta ƙaru.

Mai shagon ɗinki, PZ: Ba duk gyara ne ke cin siminti ba. Akwai kurma a cikin masu yi min aiki. Abin da na canza kawai, awo da ranar karɓa a rubuce suke a littafi, saƙo kuma ta WhatsApp. Rigimar "ba haka na ce ba" da kwastoma ta ragu, har ga sauran yaran. Abokansa kurame kuma duk nan suke kawo ɗinki, don sun sami inda za a fahimce su.

Mai yadi: Har yanzu ban ga gangarar za ta mayar min da kuɗinta a shekara ɗaya ba. Amma Malam magini, in aka cire katakon nan aka sa faifan ƙarfe mai faɗi, wanda zan iya tafiya da shi in na tashi, zai yi?

Magini: Kwatar zai tsallakar, matakala uku kuwa ba zai kashe su ba. Sai na zo da tef na auna, in ga ko za a iya bi da ita ta gefen bango.

Malama: In ya zo, Alhaji, ya auna har tsakanin dilolin da ke ciki. Keke ya shiga ƙofa ya kasa juyawa, bakin titi zan koma.