Air da wind: duk iska ce, ko kuwa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ga magana a faifai: air da wind abu ɗaya ne, duk iska ce. Rabewar da ake yi a aji ƙaƙale ne na malaman nahawu. Bahaushe da kalma ɗaya yake harkarsa, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa.

Malamin Turanci: Wa'alaikumus salam. Ranka ya daɗe, mu ma muna rabewa, sai dai aikatau ne ke ɗauke mana nauyin. "Iska na kaɗawa" daban, "ɗakin nan ba iska" daban, "a ba taya iska" daban. Bature kuwa a kan suna ya ɗora nauyin. Air shi ne abin da ya cika sarari, ko yana motsi ko yana tsaye: kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar tarkace. Wind kuwa ita ce wannan iskar idan ta taso daga inda matsinta ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙasa. Gwaji mai sauƙi: in za ka iya tambayar daga wace kusurwa take busowa, wind ce. In tambayar ita ce nawa ce a ciki, ko mai tsabta ce, to air ce.

Mai Faci: Malam ya gama magana. A taya air pressure ake cewa, ba wind pressure ba. Ƙaramar mota yawanci PSI (ma'aunin matsin iska) 30 zuwa 35 take so, kuma ainihin adadin yana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A kuma sa geji tun taya na da sanyi, don zafin hanya yana ƙara lambar.

Nas: Ni abin da ya fi damuna masu ɗaukar air a matsayin oksijin. Idan aka rubuta on room air a fayil ɗin mara lafiya, ana nufin iskar ɗaki kawai yake shaƙa, ba a sa masa komai ba. Ma'aunin oksijin na jini da ake maƙala wa yatsa ya nuna kashi 96 a kan room air, alhamdu lillahi. Ya nuna 96 ɗin nan alhali ana ba shi oksijin lita 5 a minti, labari ya sha bamban, huhunsa tallafi yake samu. In mai fassara ya ce wa dangi "yana kan iska" a duka biyun, ya ɓatar da su.

Mai Fassara: Hajiya, na karɓi wannan, amma ai harshen asibiti ne. Ku sauko kasuwa. A Turancin Najeriya breeze ake ce wa komai, daga iskar fanka har wadda ke yaye kwano a farkon damina, kuma kowa na ganewa.

Malamin Turanci: Ana ganewa a gida. Ma'aunin ƙarfin iska da Francis Beaufort ya tsara wa jiragen ruwan Ingila a 1805 yana tafiya daga 0 zuwa 12. Breeze tana tsakanin mataki na 2 da na 6, kuma mafi ƙarfinta ba ta wuce kilomita 49 a awa ba: ta girgiza manyan rassa, ta hana ka riƙe lema. Gale a mataki na 8 tana farawa daga kilomita 62, hurricane daga 118. Ɗalibi ya rubuta cewa breeze ta yaye rufin makaranta, mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro.

Mai Fassara: Ma'aunin matuƙa jirgi ne wannan, ba hukuncin harshe ba. Abin da miliyoyin mutane ke faɗa kullum ya zama yare, ko ƙamus ya so ko ya ƙi.

Mai Gyaran Esi: Oga, yare ba ya gyara inji. Mutum ya ce esinsa ba air, sai an tsaya an tantance. In ba ta busowa sam, a duba fankar ciki da ragar tace ƙura. In tana busowa ba sanyi, sau da yawa gas ne ya tsiyaye, R22 ko R410A ko R32, kuma ba a cakuɗa su. Sannan esi mai gida biyu ba ta kawo fresh air, iskar ɗakin take juyawa tana sanyayawa. Shigar sabuwar iska da fitar tsohuwa sunansa ventilation, aikin taga ne.

'Yar Rediyo: Ku bar ni da ƙananan kalmomin da ke gaban air, nan ake zamewa. On air, shiri na tafiya kai tsaye, jar fitila ta kama, kowa ya yi shiru. By air, tafiya a jirgin sama. Up in the air, magana ba ta da matsaya tukuna. Shan iska kuma get some fresh air ne, kada wani ya je ya ce drink. Af, heir, wato magaji, da air furucinsu ɗaya, ba a furta h ɗin. Hair ce ake furta mata.

Nas: Tunda an zo nan, a Turancin Ingila wind har iskar ciki take nufi. A ce a yi wa jariri wind, a saɓa shi a kafaɗa ne a shafa bayansa ya yi gyatsa. Break wind kuwa, a gafarce ni, tusa ce. Malam mai fassara, sa air a gurbinta mu gani.

Mai Fassara: Hajiya kin kama ni, air da wind na sallama. Breeze ce dai ban sallama ba.

Malamin Turanci: To a hira ka faɗe ta yadda kake so, ranka ya daɗe. A takardar neman diyyar rufi dai, windstorm za ka rubuta.